Nauyin Zuciya Bayan Cin Amanar Aure: Daga Nadama Zuwa Gyara

Jama'a masu sauraro, na gida da na kasuwa da waɗanda ke bisa hanya, wannan shi ne shirin faɗakarwa kan zamantakewar iyali. Batun yau yana da nauyi, kuma ya fi dacewa da kunnuwan manya, saboda haka iyayen da ke zaune da ƙananan yara kusa da rediyo suna iya sallamar su kafin bayani ya yi nisa.

Shirin zai yi magana ne a kan halin da magidanci ko matar aure ke shiga bayan aikata zina alhali akwai igiyar aure, wato wannan nauyi da ke danne ƙirji bayan sha'awa ta wuce, hankali ya dawo, mutum ya waiwaya ya ga abin da ya aikata. Tun daga farko ya kamata a fahimci cewa babu nufin sassauta laifin, domin zina babban zunubi ce a Musulunci da Kiristanci, kuma cin amana ce a idon kowace al'umma. Abin da shirin ke son tabbatarwa guda ɗaya ne, kuma za a maimaita shi sau da yawa: nadama tana da amfani ne idan ta kai mai ita ga tuba da gyara, amma idan ta tsaya a azabtar da kai, ɓarna take ƙarawa a kan ɓarna. Bayanin zai zo kashi shida: alamun wannan nauyi, bambancin nadama da ƙyamar kai, sharuɗɗan tuba, batun faɗa ko rufewa, gyaran zama idan asiri ya tonu, sannan lokacin da ya kamata a nemi likita.

Kashi na farko, masu sauraro, shi ne yadda wannan nauyi yake bayyana. Wanda ya ci amanar aurensa ba kasafai yake buɗe baki ya ce zuciyarsa tana damun sa ba, amma jikinsa da halayensa sukan yi magana a madadinsa. Barci yakan ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, hankalinsa ya rabu a wurin sana'a, har a yi masa magana sau biyu kafin ya amsa. Wani magidancin yakan koma yawan tsaraba, yana ɗinka wa uwargida atamfa ba salla ba biki, domin ya biya bashin da ita ba ta ma san tana bin sa ba. Wani kuma faɗa yake komawa, ya ga laifin miya, ya ga laifin shara, saboda idan ya shawo kan kansa cewa matar tana da aibu, sai ya ji kamar nasa laifin ya ragu. Akwai ma wanda zai fara zargin matarsa yana bincikar wayarta, domin abin da ya sani game da kansa ya sa ya daina yarda da kowa. Ita kuwa matar auren da ta faɗa cikin wannan hali, gabanta yakan faɗi duk lokacin da waya ta yi ƙara, takan kasa haɗa ido da maigida idan ya yaba mata, wata ma har ta daina zuwa Islamiyya saboda tana ganin ba ta cancanci zama cikin mutanen kirki ba.

A nan akwai tambayar da ya kamata mai wannan hali ya yi wa kansa da gaskiya, domin abubuwa biyu ne suke kama da juna alhali sun sha bamban: tsoron tonon asiri da kuma nadama. Da a ce za a ba shi tabbacin cewa babu mahaluƙin da zai taɓa sanin abin da ya faru, shin zafin da yake ji zai tafi, ko zai zauna? Idan zai tafi, to tsoron mutane ne yake damun sa, kuma mai irin wannan tsoro yakan koma ga laifin da zarar ƙura ta lafa. Idan kuwa zafin zai zauna ko da babu wanda ya sani, wannan ita ce nadama, kuma alama ce ta cewa zuciya tana da sauran rai.

Yanzu sai kashi na biyu, wato bambancin nadama da ƙyamar kai. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wannan bambanci. Wata masaniya 'yar Amurka mai suna Helen Block Lewis ta wallafa littafi a kansa a shekarar 1971, sannan June Tangney ta Jami'ar George Mason da abokiyar aikinta Ronda Dearing suka faɗaɗa binciken a littafinsu na shekarar 2002. Taƙaitaccen abin da suka gano shi ne, mai nadama yana kallon aikin da ya yi, ya yarda cewa aikin mummuna ne, shi kuwa mai ƙyamar kai yana kallon kansa baki ɗaya, ya yanke hukuncin cewa shi lalatacce ne wanda ba zai gyaru ba. Na farkon yakan ji tausayin wanda ya cuta, ya nemi hanyar gyara, na biyun kuwa yakan ɓuya, ya musanta, ya fusata, ya ɗora wa wasu laifi. A lura cewa ƙyamar kai da ake nufi a nan daban take da kunyar da addini da tarbiyya suka yaba, wadda ke hana mutum aikata abin ƙi tun farko.

Misalin nadama kamar zafin ƙaya ne a tafin ƙafa: amfanin zafin shi ne ya tsayar da matafiyi ya zauna ya cire ƙayar, amma wanda ya zauna yana danna wurin dare da rana ba tare da ya cire ta ba, ƙafar ce za ta ruɓe. Wannan danna wuri shi ne abin da masana ke kira tuƙa da warwarar tunani, wato mutum ya riƙa juya abu ɗaya a ransa ba tare da ya kai ga wani mataki ba. Marigayiya Susan Nolen-Hoeksema, wadda ta koyar a Jami'ar Yale, ta nuna a bincikenta cewa irin wannan juya tunani yana tsawaita baƙin ciki, yana kuma buɗe ƙofar ciwon damuwa.

Addini ya riga ya yi gargaɗi a kan wannan rami, inda ya kira shi yanke ƙauna daga rahamar Allah. Aya ta 53 a Suratuz Zumar ta hana bayin da suka yi wa kansu ɓarna yanke ƙauna, haka kuma ayoyi na 68 zuwa 70 a Suratul Furƙan sun ambaci zina tare da shirka da kisan kai, sannan suka buɗe ƙofa ga wanda ya tuba ya yi imani ya yi aiki nagari, har da alƙawarin musanya munanan ayyukansa da kyawawa. Masu sauraro Kiristoci kuma sun san Zabura ta 51, wadda addu'ar tuba ce, da labarin matar da aka kama da zina a babi na 8 na Linjilar Yohanna, wadda aka sallama tare da umarnin kada ta sake. Darasin iri ɗaya ne: laifin babba ne, ƙofar kuma a buɗe take. Wanda ya ce shi ya riga ya lalace yana ba kansa lasisin komawa ne, domin wanda bai ga sauran abin da zai kare ba, ba ya jin wahalar sake faɗawa.

Kashi na uku, masu sauraro, shi ne tuba da sharuɗɗanta. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san littafin Ahalari na Shaihu Abdurrahman Al-Akhdari, wanda tun a shafukansa na farko ya kawo sharuɗɗa uku: yin nadama a kan abin da ya wuce, ƙudurta niyyar rashin komawa har ƙarshen rayuwa, da barin saɓon nan take idan ana cikinsa, ya kuma hana jinkirta tuba. Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya kawo waɗannan ukun a babin tuba na Riyadus Salihin, ya ƙara na huɗu idan laifin ya shafi haƙƙin ɗan Adam, wato a sauke wannan haƙƙi. Shi kuwa Imam Gazali, a littafin tuba na cikin Ihya'u Ulumid Din, ya bayyana cewa tuba tana haɗuwa ne daga abubuwa uku masu bin juna: sani, da halin zuciya, da aiki. Mutum ya san girman cutar zunubi, sanin ya haifar masa da zafin nadama, zafin kuma ya haifar da aiki. Ke nan a wurin malamai ma nadama matakala ce ta tsakiya, kuma wanda ya tsaya a kanta bai kammala tafiya ba.

To, mene ne barin saɓo nan take a rayuwar yau? Ma'anarsa ita ce a yanke hulɗa gaba ɗaya, a sanar da yankewar sau ɗaya cikin gajeren saƙo mara ƙofar baya, a goge lamba, a toshe ta a WhatsApp da Facebook, a daina aika kuɗi da katin waya, a saki ɗakin da aka kama haya idan akwai shi, a canza hanyar da ke bi ta ƙofar gidan. Babu haɗuwar ban kwana, domin haɗuwar ban kwana ta sha mayar da mutane inda suka fito. Idan wurin aiki ɗaya ne, magana ta tsaya a kan aiki kuma a gaban mutane, idan hakan ya gagara a nemi sauyin sashe. Hikimar aya ta 32 a Suratul Isra'i ke nan, wadda ta hana kusantar zina, domin wanda ya bar laifi ya riƙe hanyarsa, bai bar shi ba. A sake ji: wanda ya bar laifi ya riƙe hanyarsa, bai bar shi ba.

Ƙudurin rashin komawa kuma yana buƙatar mutum ya gane ta inda aka shiga. Wata masaniyar zamantakewar aure 'yar Amurka, Shirley Glass, ta bayyana a littafinta na shekarar 2003 cewa cin amana da yawa yana farawa ne daga abota da ake ganin ba ta da illa, musamman a wurin aiki, inda mutum zai fara kai wa wani ko wata ƙorafin gidansa, yana ɓoye wa abokin zamansa wannan hira, har kusancin da ya kamata ya kasance cikin gida ya koma waje. Ga wani, mafarin doguwar tafiyar fatauci ce ko aiki a garin da babu iyali. Ga wata, hirar dare ce da tsohon saurayi. Ga wasu, abokan da ke mayar da neman mata abin taƙama ne a majalisa. Gane mafari wajibi ne, amma mafari ba uzuri ba ne. Rashin kulawar miji ko kaifin harshen mata matsala ce ta gaskiya da za a zauna a warware, sai dai zaɓin fita waje na wanda ya fita ne shi kaɗai.

Jama'a masu sauraro, ga kashi na huɗu, kuma shi ne mafi wuya: shin a faɗa, ko a rufe? Mai nadama yakan ji kamar ƙirjinsa zai fashe idan bai amayar da abin ba, kuma yana ganin faɗar ce za ta wanke shi. Asalin koyarwar Musulunci a nan ita ce sitira, wato rufin asiri. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik an kawo labarin wani mutum daga ƙabilar Aslam da ya je wurin Sayyidina Abubakar ya ce ya yi zina, sai ya tambaye shi ko ya gaya wa wani, da ya ce a'a, sai ya umarce shi ya tuba ya rufa wa kansa asiri, kuma da ya je wurin Sayyidina Umar amsar da ya samu ke nan. A labarin Ma'izu ɗan Malik da ke cikin Bukhari da Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kawar da kai daga iƙirarinsa har sau da dama kafin ya karɓa. Haka kuma akwai hadisin Abu Huraira da ya yi tir da wanda Allah ya rufa wa asiri da dare, gari ya waye ya tona kansa. Saboda waɗannan dalilai malamai da yawa suka ce faɗa wa miji ko mata ba ya cikin sharuɗɗan karɓar tuba, kuma jumhurun malamai suna kan cewa zina ba ta warware igiyar aure da kanta. Ambaton sunan wanda aka yi laifin tare da shi kuwa yana iya shiga babin ƙazafi, wato jifan mutum da zina ba tare da shaidu huɗu ba, wanda aya ta 4 a Suratun Nur ta yanke wa bulala 80.

A gefe guda, masu ba da shawarar aure a ƙasashen Turai da Amurka sun rabu a kan wannan tambaya: wasu suna ganin kusanci na gaskiya ba ya ginuwa a kan ɓoyayyen abu, wasu kuma suna ganin iƙirarin da aka yi domin a sami sauƙin zuciya kawai sauke kaya ne daga kan mai laifi zuwa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Abin da zai taimaki mai nadama shi ne ya tambayi kansa wa faɗar za ta amfana. Ya kuma auna abin da zai biyo baya, domin a inda ake fargabar duka ko kisa ko korar mace da 'ya'yanta cikin dare, kare rai yana gaba da komai.

Sai dai sitira tana da iyaka, kuma a nan ne ake son mai sauraro ya ƙara kasa kunne. Ana rufe zunubin da ya wuce, amma ba a rufe cutar da ke ci gaba. Wanda ya yi tarayya a waje yana iya ɗauko ƙanjamau, ko ciwon hanta nau'in B, ko tunjere, ko ciwon sanyi, kuma da yawa daga cikin waɗannan cututtuka sukan zauna a jiki ba tare da wata alama ba, musamman a jikin mata, har su kai ga toshe hanyar haihuwa ko su shafi jariri. Saboda haka gwaji a asibiti yana cikin sauke haƙƙi. Gwajin ƙanjamau na gaggawa yana iya kasa gano cutar a makonnin farko, domin jiki yakan ɗauki lokacin da zai iya kaiwa wata 3 kafin alamarta ta fito a jini, don haka ake maimaita gwajin. Idan abin bai wuce awa 72 da faruwa ba, akwai maganin kariya da likita ke bayarwa a sha na kwana 28. Kafin sakamako ya tabbata, wajibi ne a kare abokin zama, ko ta hanyar ƙaurace wa shimfiɗa ko ta amfani da kwaroron roba. Idan gwaji ya nuna akwai cuta, to abokin zama yana da haƙƙin ya sani domin a gwada shi a yi masa magani, kuma ma'aikatan lafiya suna da horon taimakawa wajen isar da wannan labari. A gidan da ke da mata biyu ko uku, shirun mutum ɗaya yana iya kwantar da gida guda.

Ga matar aure akwai ƙarin hukunci da ake kira istibra'i, wato jiran wani lokaci kafin komawa shimfiɗar miji domin a tabbatar babu ciki, kuma shari'a tana danganta ɗan da aka haifa cikin aure ga mijin. Waɗannan mas'aloli ne masu rassa, don haka a kai su gaban malamin fiƙihu amintacce, kuma ana iya yin tambayar ba tare da ambaton suna ba. Wanda nauyin ya yi wa yawa har yana buƙatar kunnen da zai saurare shi, ya zaɓi mutum ɗaya da amana ta ɗaure bakinsa, kamar likita ko malami ko fasto mai riƙon sirri. Majalisar abokai da ƙawayen biki da shafukan intanet ba wuraren kai wannan magana ba ne.

Kashi na biyar ya shafi gidan da asiri ya riga ya tonu. A nan hukuncin ya sauya, domin ƙarya bayan an gane gaskiya cin amana ce ta biyu, kuma sau da yawa ta fi ta farkon ciwo. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda yake sakin gaskiya kaɗan-kaɗan, yau ya amsa rabi, gobe a gano saura, yana sabunta raunin ne a kowane mako. Ya amsa laifinsa a fili, ba tare da ya liƙa masa kalmar amma ba, ba tare da ya ce shaiɗan ne ko asiri aka yi masa ba, sannan ya guji zayyana bayanan shimfiɗa waɗanda ba za su bar zuciyar mai ji ta huta ba. John Gottman, masanin zamantakewar aure da ya koyar a Jami'ar Washington, ya tsara gyaran irin wannan aure a matakai uku: ɗaukar laifi da biyan haƙƙi, sannan sake fahimtar juna, sannan sake kusantar juna, kuma ba a tsallake na farko a faɗa na uku.

Wanda aka ci amanarsa yakan shiga hali mai kama da na wanda ya tsira daga mummunan haɗari: tunanin abin yana faɗo masa ba shiri, yana maimaita tambaya ɗaya, yau ya huce gobe ya tashi da fushi. Magidancin da ya ce wa matarsa ai ya riga ya ba ta haƙuri, me kuma take so, bai fahimci girman abin da ya rushe ba. Yafiya kyauta ce, ba a karɓar ta da tsiya, kuma ba mai laifi ne yake yanka mata wa'adi ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya zama mutumin da ake iya hasashen inda yake: ya dawo lokacin da ya ce zai dawo, ya ajiye waya ba tare da kifa ta ba, ya faɗi gaskiya a ƙananan abubuwa har a fara yarda da shi a manya. Ya kuma kula kada nadamarsa ta zama sabon aiki ga wanda ya cuta, wato ya riƙa kuka da zagin kansa har sai wanda aka zalunta ya koma lallashin sa.

Idan magana ta gagara tsakanin su biyu, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta nuna hanyar sulhu ta wakili ɗaya daga dangin miji da ɗaya daga dangin mata, kuma a zaɓi masu hankali da riƙon sirri. Kada a sa 'ya'ya a tsakiya, kada a mayar da su 'yan aike ko alƙalai. Wani auren yakan gyaru, wani kuma yakan ƙare da saki ko hul'i, wato mace ta fanshi kanta, kuma wanda aka cuta yana da haƙƙin wannan zaɓi. Rabuwar aure ba ta nufin an ƙi karɓar tuba, domin wannan tsakanin bawa ne da Ubangijinsa. Ya kamata al'umma kuma ta dubi kanta, domin sau da yawa akan ce wa matar da aka ci amanarta ta yi haƙuri haka maza suke, alhali macen da ta yi irin laifin akan bi ta da tambari har jikokinta. Alƙur'ani bai bambanta mazinaci da mazinaciya a laifi ba, bai kuma bambanta su a ƙofar tuba ba.

Kashi na shida, kuma na ƙarshe, shi ne lokacin neman likita. Jin laifi mai tsanani yana cikin alamun ciwon damuwa, wanda cuta ce kamar sauran cututtuka kuma tana da magani. Idan mutum ya kai mako 2 yana cikin baƙin ciki kusan kullum, ya daina jin daɗin abin da ya saba so, barci da ci sun rikice, ya kasa sana'a, yana ganin ba shi da wata daraja, to ya je asibiti. Haka nan wanda ya fara neman mafaka a ƙwaya ko giya ko maganin tari domin ya manta. Wanda kuwa ya fara tunanin mutuwa ta fi masa, ko tunanin kashe kansa, kada ya kwana da wannan shi kaɗai: ya gaya wa wani na kusa a ranar, a raka shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta jihar Sakkwato, da Maiduguri, akwai asibitin Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen masu wannan lalura. Ba lallai ne mara lafiya ya zayyana wa likita duk abin da ya faru kafin a taimake shi ba, kuma abin da ya faɗa amana ce a wuyan likitan.

Akwai kuma waswasin tuba, inda mutum zai tuba yau, gobe ya ce ba a karɓa ba, ya sake, har ibada ta koma masa azaba. Malamai sun yi nasiha cewa wanda ya cika sharuɗɗa ya kyautata zato ga Ubangijinsa, ya rayu tsakanin tsoro da fata, ya yawaita istigfari da sadaka da kyautata wa iyali. Tuno laifin lokaci zuwa lokaci ba alamar ƙin karɓa ba ce. Idan tunanin ya zo, sai a tambayi kai ko akwai sauran haƙƙin da ba a sauke ba: idan akwai, a tashi a sauke, idan babu, a yi istigfari a koma ga aikin da ke gaba.

Jama'a masu sauraro, ga taƙaitawa kafin a rufe shiri. A ƙi aikin, kada a yanke ƙauna daga gyaruwar mai aikin. A yanke hulɗa yau, tare da duk hanyoyinta. A je gwaji, a maimaita shi bayan wata 3, a kare abokin zama kafin nan. A rufe zunubin da ya wuce, amma kada a rufe cutar da ke ci gaba, kuma kada a yi ƙarya bayan gaskiya ta fito. A ba wanda aka cuta lokacinsa da zaɓinsa. A nemi likita idan damuwa ta kai mako 2, a neme shi a ranar idan tunanin kashe kai ya shigo. Nadama tana da amfani ne idan ta kai mai ita ga tuba da gyara, saboda haka wanda ke ɗauke da wannan nauyi ya zaɓi mataki ɗaya daga cikin waɗannan ya aiwatar da shi kafin ya kwanta yau.

Allah ya rufa asirin bayinsa, ya karɓi tuban masu tuba, ya sanyaya zukatan waɗanda aka zalunta, ya zaunar da gidaje lafiya.